Jikan Kori-Dogo

Malam Ramalan ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa a makarantun firamare na ƙasar Rano, kuma babu ajin da ya shiga bai ba yara labarin kakansa ba. Labarin gajere ne. Wai a zamanin diga, lokacin da Turawa ke shimfiɗa layin dogo daga Zariya zuwa Kano, wani Bature mai awo ya iso Unguwar Ɗinya, ƙauyensu da ke yankin Madachi, da sarƙarsa da 'yan dakonsa, ya shiga kafa turaku a tsakiyar gonakin dawa. Kowa ya shige ɗaka ya ja asabari. Mutum ɗaya ne ya fito, wani saurayi mai suna Ishiyaku, da fartanya a kafaɗa. Ya tumɓuke turakun nan ɗaya bayan ɗaya, ya zube su a gaban Baturen, ya ce masa ya kwashe ƙarfensa ya yi yamma da shi, nan ƙasar dawa ce. Bature ya yi jawur, ya naɗe sarƙarsa ya tafi. Shi ya sa jirgi ya karkata ya bi ta Dangora da Madobi, ya bar Rano da Kibiya can gabas. Shi ya sa kuma ake ce wa Ishiyaku Kori-Dogo, gidansu kuwa Gidan Kori-Dogo.

Sunan ya yi wa gidan riga da wando. Ranar suna ko ɗaurin aure, maroƙi na hango ɗan gidan sai ya ɗaga murya, kowa ya waiwayo. Idan mutanen Lausu suka yi alfahari da girman gonakinsu, mutanen Unguwar Ɗinya sai su tambaye su ko sun taɓa korar Bature. Shi kansa Malam Ramalan bai taɓa hawa jirgin ƙasa ba. Sau biyu ya gan shi a Kano, an tare hanya yana wucewa, duka biyun kuma ya dube shi ne irin duban da mutum kan yi wa wanda gidansu ya taɓa kayarwa a kokawa.

A shekarar da ya ajiye alli ne abin ya juya. Samari suka fara yawo da hotunan aikin sabon layin dogo a wayoyinsu, ga manyan motoci suna tura ƙasa, ga gadoji ana ɗagawa. A ranin nan kuma tumatir ya yi albarka har ya zama masifa. Alhaji Tajuddeen, wanda Malam ya koyar da shi a aji huɗu, yanzu kuwa shi ne babban mai safarar kayan gwari a yankin, ya loda mota shaƙe da kwanduna ya tura Legas. Motar ta lalace a hanya kwana biyar. Abin da ya isa kasuwa ruwa ne da ƙudaje.

Sati biyu bayan haka aka kira taron ƙungiyar ci gaban Unguwar Ɗinya a ajin makarantar garin, don a naɗa sabon shugaba. Kowa ya san Malam Ramalan za a ba, har ya sa an wanke masa babbar riga an buga. Liman ya buɗe da addu'a, sakatare ya ambaci sunan Malam, ya tambaya ko akwai mai magana. Alhaji Tajuddeen ya miƙe.

"Malam malamina ne, ba na ja da shi," in ji shi. "Tambaya ce kawai gare ni. Da jirgi ya bi ta nan, da tumatirina ya ruɓe? Da 'ya'yanmu sun watse Kano suna tuƙa adaidaita sahu? Da yau akwai tasha a bayan masallacin nan, da kasuwa, da asibiti. Wa ya hana mu? To yanzu gidan da ya kori ci gaba shi za mu damƙa wa ƙungiyar ci gaba?"

 Can wani daga baya ya ce, "Wallahi kuma fa haka ne." Kafin Malam ya gama gyara zaman hularsa, an ɗage zaɓe zuwa mako uku.

Daga ranar nan komai ya lalace a garin, Ishiyaku ne. Kwalbatin hanyar Madachi ya rufta, Kori-Dogo. Waya ba ta kamawa sai an hau tudu, Kori-Dogo. Lami matar Malam ta je niƙa, wata ta ce mata a gaban mutane ai da yanzu injin lantarki ke yi musu niƙa ba wannan mai hayaƙin ba. Ta dawo ta dire ƙwaryar garin da ƙarfi.

"Malam, shekara arba'in ina cin arzikin sunan nan, yau ga shi ina biyan bashin bakin mutane. Ka san yadda za ka yi."

Malam ya yi niyyar kare kakansa, amma da hujja, kamar yadda ya saba a aji. Yana so ya nuna wa taro daidai inda layin ya nufo su, da inda ya karkata, da yawan gonakin da za a rasa da Ishiyaku bai tsaya ba. Aka ba shi labarin wani tsoho a Madobi, Malam Munzali, wanda ya shekara talatin yana shugabantar leburorin gyaran dogo. Ran Talata da sassafe Malam Ramalan ya hau mota ta Bunkure da Kura.

Ya sami Malam Munzali a inuwar tsohuwar tasha, yana gyaran wani keke. Awaki na kwance a tsakanin ƙarafan layin, wata mata ta shanya barkono a kan dakalin da fasinjoji ke tsayawa. Da tsohon ya ji abin da ya kawo baƙon, sai ya goge hannu a wandonsa, ya shiga gida ya fito da wata taswira da aka naɗe cikin leda, duk gaɓoɓinta an liƙe da salatif.

"Ka ga nan, Baro ke nan, a bakin Kwara," in ji shi, yana bi da ɗan yatsa. "Daga nan aka faro, don ta ruwa ake kawo ƙarfen. Minna. Kaduna. Zariya. Ya shiga Kano a 1911. Daga baya aka haɗe shi da na Ikko, daga baya kuma aka ja shi har Nguru. Wannan tsakanin kuwa, daga Dangora zuwa Chalawa, babu kusar da ban taɓa da hannuna ba."

"To ina wurin da ya karkata?"

"Wace karkata?"

Malam Ramalan ya ba shi labarin tun daga sarƙa har fartanya. Malam Munzali ya saurara bai katse shi ba. Da ya gama sai tsohon ya tsinko karan dawa daga dangar da ke kusa, ya ɗora kai ɗaya a kan Zariya, ɗaya kan a Kano. Layin ya bi jikin karan, bai yi nisa da shi ba ko'ina. Rano tana can gefe, tsakaninta da karan ya fi faɗin yatsa uku.

"Mai shimfiɗa dogo rago ne, Malam," in ji Malam Munzali. "Ba ya son hawa, ba ya son dutse, ba ya son zagaye. Ku kuma ga duwatsunku nan. Me zai kai shi?"

"Kana nufin kakana ƙarya ya yi?"

"Subhanallahi, ni ban ce ba. Na ce dai idan ya kori Bature, to Baturen ɓatan hanya ya yi."

Malam Ramalan ya ci tuwon da aka kawo masa bai ji ɗanɗanonsa ba. A mota yana komowa ya tuna cewa saura mutum ɗaya a duniya da ya taɓa jin muryar Ishiyaku: Gwaggo Ma'u, autar 'ya'yansa, wadda aka aurar Fassi ta ƙasar Kibiya tun kafin a haifi Malam. Ta haura casa'in, idonta ya tafi, amma kunne da baki suna nan daram.

Washegari ya iske ta da hantsi a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da lalube. Ya durƙusa ya gaishe ta, ta tambayi Lami da yara ɗaya ɗaya da sunansu, ta yi masa faɗan ya daina zumunci. Sai da ya sha fura sannan ya kawo maganar, yana lallaɓawa kamar mai cire ƙaya.

"Gwaggo, Baturen nan da Baba Ishiyaku ya kora, ko ya taɓa gaya muku kamanninsa?"

Hannunta ya tsaya a cikin faifai. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Malam ya zaci kuka take, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta, har sai da ta yi tari aka kawo mata ruwa.

"Kai Ramalan! Da furfurarka? Wane Bature? Ko jakin Bature bai taɓa taka garinmu ba."

Ta ba shi labarin yadda ta ji daga bakin innarta, da kuma daga bakin tsohon da kansa bayan ya manyanta ya daina jin kunyar 'ya'ya. Dagaci ne aka ce ya kawo mutanen diga, kowace unguwa da adadinta. Aka kama Ishiyaku yana ɗan saurayi aka tasa ƙeyarsu har wajen Madobi. Aikinsa ɗaukar ƙasa a kwando, daga rami zuwa kan tudun da za a ɗora ƙarfe, tun fitowar rana har faɗuwarta. Kwana goma sha ɗaya ya yi, kansa ya sale, ga bulalar mai tsaron leburori. Ranar na goma sha biyu ya ce zai zaga, bai tsaya ba sai gida. Uwarsa ta ɓoye shi a rumbu har aka daina cigiya.

"Da ya fito, samari suka kewaye shi, ya aka yi, ya aka yi. To me zai ce? Ya ce na gudo? Sai ya ce ai ya gaya musu kada su kuskura su kawo ƙarfen nan garinmu, shi ya sa suka sallame shi. Abin da ya faɗa ke nan, ba ƙari. Turaku da fartanya da sarƙa duk mutane ne suka ɗora daga baya. Shi da kansa in ya ji maroƙi na yi, sai ya ce, 'Ashe har da fartanya?'"

"Wato shi ma yana cikin waɗanda suka gina layin."

"Kwana goma sha ɗaya dai. Kuma duk kaka sai ya ɗaure wa jakuna gyaɗa ya kai tashar Madobi. Shanun da ubanka ya gada, jirgin ne ya saye su."

Malam ya ce, "Gwaggo, me ya hana ki faɗa tuntuni?"

"Wa ya tambaye ni? Kuma sunan nan ya yi mini rana. Shekara hamsin ina gidan miji, ba a taɓa ɗaga mini murya ba, wai 'yar Kori-Dogo ce. Ni zan kwance wa kaina zane?"

Ya komo gida da abu biyu a ƙirjinsa, ɗaya mai sauƙi ɗaya mai nauyi. Gidansu bai hana kowa komai ba, wannan ya wanke su. Amma yara sun fi dubu da ya tsaya a gabansu ya koya musu abin da bai faru ba, wasu har ya doke su don sun manta sunan Dangora. Da ya gaya wa Lami, sai ta ce, "Ka faɗa musu rabin farko, na taswira. Zancen rumbu ka bar shi a Fassi."

"Ni malami ne, Lami. Ba na ba da rabin darasi."

"To Allah ya ba da sa'a. Ni dai ba zan je niƙa ba satin nan."

Ranar taro bayan la'asar ajin ya cika har tagogi. Malam bai sa babbar riga ba. Ya nemi alli ya zana Zariya a ƙasan allo, Kano a sama, ya ja layi tsakaninsu, ya ɗiga Rano a can gefe. Ya faro daga Baro kamar yadda Malam Munzali ya faro, ya bi tasha tasha. Sannan ya ajiye allin ya faɗi na Gwaggo Ma'u, bai rage kwando ba, bai rage rumbu ba. Ya rufe da cewa yana neman gafarar duk wanda ya taɓa zama a ajinsa.

Ya tsaya yana jiran a yi masa dariya, ko a ce an yafe. Ba a yi ko ɗaya ba. Alhaji Tajuddeen ne ya miƙe a hankali, fuskarsa kamar wanda aka gaya wa rasuwa.

"Malam, tsaya in gane. Kana nufin ko zuwa ba su yi ba?"

"Ba su zo ba."

"Ba su auna ba? Ba su ma yi shawarar su zo ba, sannan suka fasa?"

"Ban ga alama ba, Alhaji. Ina jin ba su san da mu ba."

Nan ajin ya kaure. Wani dattijo ya buga sandarsa a ƙasa ya ce shi kakarsa ta ga ramin turakun da idonta. Wani ya ce idan maganar nan ta isa Lausu, to sun gama shiga kasuwar Rano da kai a sama. Sakatare ya ce taswirar Bature ai Bature ne ya zana ta, wa ya taɓa ganin wanda aka kora ya rubuta cewa an kore shi? Game da Gwaggo Ma'u kuwa, aka ce Allah ya ƙara mata lafiya, amma casa'in ba wasa ba ce. Liman ya yi gyaran murya ya ce ba kyau mutum ya ƙaryata mamaci, balle kakansa, balle kuma saboda kujera.

"Ba saboda kujera ba ne, Allah gafarta malam," in ji Malam Ramalan, amma hayaniya ta haɗiye maganar.

Alhaji Tajuddeen ya ɗaga hannu aka lafa. Ya ce laifinsa ne, shi ya matsa wa malaminsa har ya kai shi ga sayar da kakansa, yana neman afuwa. Abin da Ishiyaku ya yi, ya yi shi ne da jarumta a zamaninsa, kuma babu garin da ke da irinsa daga nan har Tudun Wada. Sai dai zamani ya sake. Tunda gidan ne ya kori jirgi, to babu mai ikon kiransa ya dawo sai ɗan gidan. Don haka yana ba da shawara a naɗa Malam shugaba yanzu yanzu, aikinsa na farko kuma ya jagoranci tawaga zuwa Kano, a kai takarda cewa Unguwar Ɗinya ta janye korar da ta yi.

Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, har na waɗanda ke leƙe ta taga. Malam ya dubi zanen da ke kan allo. Sakatare ya riga ya fara goge shi don ya rubuta sunayen 'yan tawaga.

Su huɗu suka tafi ran Litinin a motar Alhaji, Malam a gaba da takardar a cikin ambulan. Shi aka sa ya rubuta ta, tunda shi ya fi kowa iya rubutu, ya kuma sa hannu a matsayin jikan marigayi. Bayan tambaya a wurare uku aka nuna musu wani ofishi inda masu aikin sabon layin ke zama. Wata matashiyar injiniya mai suna Salma ta karɓe su, ta ba su kujeru da ruwan sanyi, ta kira Malam da Baba. Ta karanta takardar. Ta sake karantawa, tana cije leɓe, ta ɗauki hankici ta danne idonta.

"Baba, ku yi haƙuri, a ina garin yake?"

Suka gaya mata. Ta buɗe taswira a kwamfuta, ta nemo Rano, ta nemo Madachi, ta yi ta faɗaɗa hoton har wasu 'yan rufin kwano suka bayyana a tsakiyar gonaki. Alhaji ya gane rumfar tumatirinsa, ya ce ga ta nan. Sannan ta janye hoton baya, ta nuna musu inda aikinsu yake. Sai da garin ya ɓace gaba ɗaya kafin layin ya shigo cikin allon. Ta yi musu bayani da ladabi cewa an daɗe da tsayar da hanyar, kuma yanayin ƙasa da nisa ake dubawa, babu wanda ke fushi da kowa. Labarin Ishiyaku kuwa, ta ce ba ta taɓa ji ba, amma ya yi mata daɗi ƙwarai, tana roƙon a bar mata takardar ta nuna wa mahaifinta.

Suka kamo hanyar gida ta Bunkure. Da suka shigo gari, jama'a na zaune a gindin ɗinya suna jira, har da mata daga nesa a bakin zaure. Alhaji Tajuddeen ya fito ya gyara rigarsa.

"Alhamdu lillahi, an karɓe mu hannu biyu biyu," in ji shi. "Babbar injiniya da kanta. Sau biyu ta karanta takardar, wallahi har da hawaye. Garinmu kuwa yana cikin kwamfutarsu, da idona na ga rumfata. Ta ce babu sauran fushi. Takardar ma ba ta bari mun dawo da ita ba, ta ce sai ta kai ta gaba."

Sauran 'yan tawaga biyu suka gyaɗa kai. Idanu suka koma kan Malam Ramalan. Ya lalubi maganar Alhaji daga farko har ƙarshe yana neman inda zai kama ya ce nan ne ƙaryar, bai samu ba. Ya ga dattijon nan mai sanda ya tallafe kunne da hannu yana jiransa.

"Ta dai riƙe takardar," in ji shi.

Aka yi kabbara. Liman ya yi addu'a mai tsawo, ya haɗa da Ishiyaku a ciki.

Washegari da safe Malam yana karin kumallo sai ga sallama a zaure. Mutum biyu ne, maƙwabtan gona, kowanne ya sha kunu, an rirriƙe su da kyar a hanya. Ɗaya ya ce gonarsa ce ta fi dacewa da tasha saboda tana kan tudu. Ɗayan ya ce tasa ce ke bakin hanya, kuma tun jiya da yamma maƙwabcin nasa ya matsar da iyaka taku uku. Sun zo shugaba ya raba su.

Malam ya dube su. Ya ce su je su dawo ran Alhamis bayan la'asar, kowa ya zo da shaidunsa.